Rijiyar Markus

Da Fasto ya ce in tsaya bayan sujada in yi muku bayanin sana'ata, na ga yadda kuka kalli juna kuna ƙunshe dariya. Har na ji wani daga can baya yana cewa wai haƙar rijiya ai rami ne, ko kare ma yana tona rami. To, sannunka da ilimi. Kare yana tona rami, amma ban taɓa ganin wanda ya sha ruwa a ramin kare ba. Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, ba kullum nake da bakin magana ba.

Da yawanku ba ku san ni da wani suna ba sai Baba mai rijiya. Sunana Ishaya. Daga ƙasar Zuru na fito ina saurayi, na biyo wani kawuna da aka turo koyarwa Gwandu. Shi ya so in yi boko, kaina ya ƙi ɗauka. Ina zaman banza a ƙofar gida sai na riƙa ganin wani dattijo yana wucewa da igiya naɗe a kafaɗa, yumɓu ya bushe masa har gira. Malam Buba ke nan, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini duk abin da na sani. Musulmi ne mai riƙo da salla, ni kuma Kirista ɗan Kirista, amma a bakin rijiya bai taɓa tambayata kome ba sai ko na ɗaure igiya da kyau.

Aikin farko da ya tafi da ni a Maruda ne, rijiyar wani mai shanu. Na ɗauka da isarmu zai miƙo mini diga. Ina! Rani guda cur ban taɓa diga ba. Aikina in ja guga cike da ƙasa, in kai nesa da baki in zubar, in dawo. Ana kafa gwafa biyu masu kauri, ɗaya nan ɗaya can, a gicciya gungume a kansu, igiya ta bi ta kan gungumen. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai diga mai gajeriyar ƙota, don doguwa ba ta juyuwa a cikin rami, da dagi na fasa marmara, da ɗan shebur, da guga, da igiya, sai fitilar ƙwai. Jaki ɗaya yana kwashe su duka har ya yi ta kaɗa wutsiya.

Kowace safiya Malam Buba zai warware igiyar gaba ɗaya, ya bi ta da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan, idonsa a rufe, wai hannu ya fi saurin gane inda ta fara cinyewa. Sannan ya kunna fitila ya zura ta har ƙasa. Akwai wata muguwar iska da ke kwana a cikin rami, ba ta da wari, ba a ganinta. In fitila ta mutu, babu mai sauka. Sai a ɗaura rassan dogonyaro a igiya a yi ta sama da ƙasa da su har iskar ta motsa, a sake gwadawa. In fitila ta kai ƙasa tana ci, to, a sauka.

Abin da ba ku sani ba shi ne, in mutum ya kai ƙasa, kwance igiyar yake yi daga ƙugunsa ya ɗaura wa guga, don da ita za a riƙa fitar da ƙasa. Kana can, sama ta koma kamar faifai, ba abin da ya haɗa ka da duniya sai muryar wanda ke baki. Shi ya sa mai riƙon igiya ba ya shiru. Ko ba shi da abin faɗi sai ya nemo, ya yi maka zancen kasuwa, ya zagi surukinsa, kai kuma kana amsawa. Da zarar muryar na ƙasa ta fara nauyi, ko ya fara amsa abin da ba a tambaye shi ba, sai a sakar masa igiya ya ɗaura a fito da shi. Wanda ba ya son surutu kada ya zo wannan sana'a.

A Ceberu na fara sauka. Ranar na kwance igiyar, na bi ta da ido ta tafi sama da guga. In sara diga sau ɗaya, in ɗaga kai in ga ko tana dawowa. In sake sara, in sake ɗaga kai. Can sai yashi ya zubo ya cika mini ido, na tsaya ina murza ina hawaye. Malam Buba ya leƙo ya daka mini tsawa.

"Kai yaro! Mi kake biɗa bisa? Ruwa ƙasa shike. Igiya tana hannuna, kai dai ka yi gina!"

Na ce, "Malam, tsoro nake ji."

Ya ce, "Ji abinka, amma kana ji kana gina. Ba ka iya zama ƙasa kuma ka riƙa wa kanka igiya."

Na bi maganarsa da hannu, na ci gaba da sara. Zuciya dai ba ta bi ba, kuma ta daɗe ba ta bi ba.

Ƙasa kuwa kala-kala ce, kuma kowacce da halinta. Jar ƙasa ta sama tana da sauƙi, har ta ruɗe ka. Marmara za ta sa ka yini kana dukan wuri ɗaya da dagi, wuta tana tashi, da yamma ka ga abin da ka ci bai wuce kamu ɗaya ba. Yumɓu yana riƙe diga kamar ba ya so ya saki. Wanda ya fi duka mugunta shi ne yashi mai gudu, kana kwashewa yana biyo ka daga gefe. Shi ake zuba wa kwalbati, waɗannan manyan zobban siminti, a jera su ɗaya kan ɗaya su tare bango. In ka bar gindin rijiya ba kwalbati har ruwan sama ya sauka, to ka yi aikin banza, ruftawa za ta yi.

Masu ba da aiki su ma kala-kala ne. Wani a Gwandu ya kafe sai na haƙa masa rijiya dab da masai, wai don matansa kada su yi nisa. Na ce masa, Alhaji, in ruwan da ka riga ka sha kake so ka sake sha, nemi wani. Ya yi fushi, daga baya ya aiko a kira ni. Da burtsatse ya shigo aka ce mun mutu, mu nemi wata sana'a. Sai ga shi famfo ya lalace, mai gyara yana Birnin Kebbi, ƙauye kuma ba ya jiran mai gyara ya sha ruwa. Aka dawo ana sallama a ƙofar gidana.

Akwai wata al'ada tamu da nake so ku riƙe, don za ta dawo a gaba. Rijiya ba ta mai gida ba ce sai ranar da mai haƙa ya ja guga na farko da hannunsa, ya zuba a ƙwarya, ya miƙa masa ya sha. Kafin nan rijiyar mai haƙa ce. Ba mai ɗiban ruwanta, ba mai taɓa ta, ba mai binne ta sai da izininsa.

Bayan Malam Buba ya rasu na dawo nan Kalgo da zama, na auri Rifkatu, wadda kuka sani tana zama a layin gaba na mata. Ni mutum ne mai damuwa, wannan kowa ya sani, ba asiri ba ne. Malam Buba sau ɗaya yake bin igiya, ni sai na bi na sake bi. In muna cin tuwo sai in tashi in je in duba ko ɓera ya shiga buhun igiya. Ina cikin sujada ana wa'azi, hankalina yana kan wani bangon rijiya a Maruda, ko ya tsage. Rifkatu ta riƙa yi mini tsiya.

"Baban Markus, kai fa abin dariya ne. Ubangiji ya ce a kawo masa kaya mai nauyi. Kai sai ka kai masa ranar Lahadi ka sauke, ana cewa amin ka sake ɗaurawa a ka, ka dawo mana da shi gida."

Sai in ce mata, "Ke ba ki taɓa shiga rami ba."

Ta ce, "Na shiga ɗakin haihuwa. Can ma ba ni na riƙe wa kaina igiya ba."

Markus shi ne ɗanmu na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Ya gama sakandare ya ce shi sana'ar ubansa zai yi. Dogo ne, ya fi ni da kai guda, bahago kuma, in ka ga bangon da ya sara za ka gane, saran yana kwantawa ta ɗaya gefen. A cikin rami waƙoƙin sujada yake yi, rijiya tana amsa masa, mata su taru a baki suna cewa wannan ɗan Kiristan akwai murya. Ya iya aiki, ya fi ni iyawa ma, yau na faɗa. Amma ya kai shekarun aure, har an sa ranar bikinsa bayan Ista, ban taɓa barinsa ya sauka ba tare da ina baki ba. In shi ne a ƙasa, igiya tana hannuna. Ko fitsari ba na zuwa.

Rijiyar da nake so in ba ku labarinta a wani ɗan ƙauye take gaba da Dodoru. Mai unguwar wurin, Malam Sahabi, shi ya kira mu, don matansu har fadama suke zuwa ɗiban ruwa, ruwan ma jajir. Mutanen kirki ne, manoman albasa da shinkafa. Fura ba ta yanke mana ba, ran Asabar kuma su da kansu suke cewa, ku tashi ku tafi, gobe ranar ibadarku ce. Ɗan Malam Sahabi, Nasiru, sa'an Markus ne, suka shaƙu. Shi ke ja mana guga, ba wanda ya sa shi.

Mun sha wuya a marmara, muka wuce, muka tarar da ruwa mai kyau. Saura a ƙara zurfi kaɗan a sa kwalbatin gindi. Sai ƙarfen da muke zuba kwalbati a ciki ya tsage, dole in kawo shi Kalgo wurin mai walda. Muka zo gida ran Asabar. Ran Litinin da safe Markus ya ce, "Baba, ka tsaya a gyara ƙarfen, ni in yi gaba in kwashe ruwan da ya taru in ci gaba da gina. Kafin ka iso na gama."

Na ce a'a.

Rifkatu tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "Haba Baban Markus. Mutum zai ajiye mata a ɗaki wata mai zuwa, har yanzu ba ka yarda ya yini ɗaya ba kai? Ka bar wa Allah yaron nan. Ba kai kake tsaronsa ba."

Na haƙura. Na ɗauko igiya na bi ta da hannuna, na zuba wa fitila kananzir da kaina, na ce masa kada ya kuskura ya sauka bai zura ta ba. Ya yi dariya ya ce, "Baba, tun ina goye nake jin wannan." Ya hau kabu-kabu ya tafi.

Abin da ya faru, daga baya aka faɗa mini. Ruwa ya taru da yawa, kwashewa da guga zai ci yini. Nasiru ya ce ga injin ban-ruwan babansa a fadama, me zai sa su wahala? Ya ruga ya ɗauko. Mesa ba ta kai ƙasa ba, sai suka ɗaura injin a igiya suka zura shi cikin rijiyar har rabi, suka tayar. Ya zuƙe ruwan tas, suna ta murna, suka fito da shi. Markus ya kunna fitila ya zura kamar yadda na koya masa. Ta kai ƙasa tana ci, ta dawo tana ci. Ya sauka, ya kwance igiya, ya fara gina yana waƙa. Nasiru yana yi masa zance. Can waƙar ta fara nauyi. Nasiru da mutanen da ke baki suka sakar masa igiya, suna ganinsa ya kama ta, ya kasa ɗaurawa, ya zauna.

Nasiru ya ɗaura igiya a ƙugu ya faɗa ciki. Ya rungumo shi, mutane suka ja su tare. Shi Nasiru ya farfaɗo a asibiti a Gwandu. Markus bai farfaɗo ba.

Ina tsaye wurin mai walda waya ta shigo. Malam Sahabi ne, yana ta salati, ya kasa haɗa magana. Ban bari ya gama ba, na gane.

Wani ma'aikacin asibitin ne ya yi mini bayani, cewa hayaƙin inji daban yake da iskar da muka sani. Yana kwanciya a rami, yana kashe mutum, amma ba ya kashe fitila. Ku ji fa. Duk shekarun nan ina lissafa hanyoyin da rijiya ke kashe mutum, igiya, bango, yashi, dutse daga sama, maciji, na toshe kowacce. Wannan ko a mafarki ba ta taɓa zo mini ba, don Malam Buba bai san inji ba, ni ma ban taɓa kai inji bakin rami ba. Yaron bai karya doka ko ɗaya ba. Da ina wurin, da ni ma fitilar zan duba in ce masa sauka.

Muka kai shi gida ƙasar Zuru muka binne. Da muka dawo, mutanen ƙauyen suka ciko mota suka zo gaisuwa, suka zauna a tabarma a ƙofar gidana, Musulmi da 'yan ikilisiya a haɗe. Ban riƙe kowa a zuciya ba, taimako suka zo yi. Amma na kulle kayan aiki a ɗaki na ce ni da rijiya har abada.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Damuwar da nake yi a da ashe wasa ce. In Rifkatu ta tafi kasuwa ta daɗe, sai in fita titi in tsaya. In 'yarmu da ke aure a Jega ba ta ɗaga waya ba, sai in ga gawa. Abinci ya ƙi shiga. Ina zuwa sujada in zauna, bakina ba ya buɗuwa. Fasto ya yi ta zuwa yana addu'a, ina cewa amin don kunya. A raina ina ce wa Ubangiji, sau ɗaya tak na sakar maka yaron nan, sau ɗaya, ga abin da na samu. Ban taɓa faɗa wa Rifkatu haka ba, amma ta ji, ai tare muka tsufa. Matar da ke waƙa tana shara, tana waƙa tana wanki, ta yi tsit. Aka yi Ista, ranar da aka sa ta biki ta zo ta wuce, muna zaune a tsakar gida kamar baƙi biyu a tasha.

Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa, sai ga Malam Sahabi da hantsi. Ya rame. Muka gaisa, ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

Ya ce, "Malam Ishaya, ba aiki na zo ba ka ba, ban da wannan fuskar. Mun biɗi masu gina, kowa ya ji labari sai ya ce ba shi shiga rijiyar da ta ci mutum. Mun rufe ta da kwanon rufi da ƙaya. Ga ruwa na tahowa, gindinta ba kwalbati. Mutane sun ce a binne ta tun ba ta rufta da ɗiyan wani ba. Amma ba ka ba mu ruwa ba, rijiya taka ce har yau. Shi ya sa na taho in ji daga bakinka."

Na tambaye shi Nasiru.

Ya ce, "Yana nan, in ana kiran wannan yana nan. Tun da ya taso daga asibiti bai koma fadama ba, albasarshi ta bushe a tsaye. Da safe shi tai bakin rijiyar shi zauna, sai mun tai mun ɗauko shi."

Na buɗe baki zan ce a binne, sai na ji muryar Rifkatu daga bayan labule.

"Ba za a binne gumin ɗana ba."

Malam Sahabi ya sunkuyar da kai, ya ce zai jira a waje. Na shiga na same ta zaune a bakin gado. Na ce, "Maman Markus, wa zai sauka? Ni? Wa zai riƙe mini igiya? Ban yarda da hannun kowa ba yanzu, ko nawa."

Ta ce, "Ni na ce ka bar shi ya tafi. Kana tsammani akwai safiyar da ba na jin muryata tana faɗin haka? Na tambayi Ubangiji dalili har na gaji, bai ba ni amsa ba. Amma kayan nan ya fi ƙarfin wuyana, Baban Markus. In na ce zan riƙe, mutuwa zan yi. Kullum da safe sai in ce masa, ga shi, karɓi. Kafin azahar na sake ɗauka. Gobe in sake kai masa. Haka nake yi, ban san wata dabara ba." Ta share ido da bakin zane ta ce, "Yaron yana wurin Yesu, ba ya cikin ramin nan. Amma matan can suna shan jan ruwa, ɗan mutane kuma yana mutuwa a zaune. Ka tashi."

Tun rasuwar ba ta yi magana mai tsawon wannan ba. Na ɗauko mabuɗi na buɗe ɗakin kaya.

Da muka isa ƙauyen, Nasiru yana zaune a inda ubansa ya ce. Ya gan ni ya miƙe zai gudu, sai ya fasa, ya durƙusa yana cewa, "Baba, ka yafe mini, Baba." Na ce masa ya tashi, ba kuka na zo ji ba, aiki na zo. Na sa aka yaye kwanon, aka yi ta kaɗa rassan dogonyaro, na ce duk wanda ya kawo inji kusa da nan sai na fasa shi da dagi. Maza suka yi layi suka kwashe ruwan da guga. Na bi igiya da hannu, na zura fitila. Ta dawo tana ci, na dube ta, na san yanzu iyakar abin da za ta iya faɗa mini.

Na ɗaura igiya a ƙugu. Majiya ƙarfi suka matso za su kama, na ce a'a, su tsaya a baya su taya. Na miƙa wa Nasiru. Ya ɓoye hannayensa a baya yana girgiza kai. Na ce, "Kai ka faɗa ramin nan don ɗana, lokacin da kowa ke ihu a baki. Kama. Kuma kada ka yi mini shiru."

Ina sauka ina ganin aikin Markus a bango. Saran bahago, yana kwance ta hagu, tsaf kamar an share. Ramukan taka ƙafa da ya yi sun yi mini nisa, don da dogayen ƙafafunsa ya auna. Da na kai ƙasa na tarar da digarsa a kafe cikin yumɓu, inda ya sara na ƙarshe. Na kama ƙotar. Nan na durƙusa cikin laka na yi kukan da ban yi ba a bakin kabari.

Hannuna yana kan ƙullin igiya, na kasa kwancewa. In ban kwance ba kuwa ba guga, ba aiki. Daga sama Nasiru yana kira, "Baba? Baba, kana ji na?" Na ce ina ji. Sai na yi addu'a, ba irin ta littafi ba. Na ce, ya Yesu, ka ga inda nake. Na riƙe yaron nan da duk ƙarfina, bai riƙu ba. Yana hannunka. Uwarsa ma tana hannunka, da ni, da wannan da ke sama yana kuka. Na gaji. Karɓi.

Na kwance igiyar na ɗaura wa guga. Ina ji ta tafi sama, ban ɗaga kai ba. Na zare digar Markus na ci gaba daga inda ya tsaya. Nasiru kuwa ya cika alkawari, bai yi shiru ba. Ya ba ni labarin jakin babansa, da tsadar taki, da wata rigima a kan iyakar gona, yana yi muryarsa tana karyewa, ina amsa masa.

Muka sa kwalbatin gindi, muka ɗaure baki da siminti. Ruwan farko na shekarar ya same mu muna tattara kaya. Ranar miƙa rijiya Rifkatu ta ce za ta zo, ta zo. Na ja guga na farko, ruwa garau, mai sanyi. Na zuba a ƙwarya na miƙa wa Malam Sahabi. Ya karɓa da hannu biyu, bai sha ba. Ya taka har inda mata suke tsaye, ya rusuna a gaban Rifkatu ya ce, "Uwar mai rijiya ta fara." Ta sha. Ta ce, "Ruwan da daɗi." Sai ta rufe fuska da mayafi, matan ƙauyen suka kewaye ta.

Kada wani ya fita nan ya ce Baba Ishaya ya ce damuwa ta bar shi. Ƙarya ne. Har yau ina tashi daga kan tuwo in duba igiya, har yau in na ji waƙar da yake so a sujada sai in fita waje. Abin da na koya kawai shi ne dabarar Rifkatu, in kai kayan da safe, in na ga na sake ɗauka in sake kaiwa. Ita kuma ta dawo da waƙa, ko da yake ba kamar da ba. Yanzu gwiwa ta hana ni sauka, Nasiru ke riƙe da kayan aikina, kuma duk rijiyar da ya je sai ya fara gargaɗin mutane a kan inji. Wanda yake so ya koya a cikinku in haɗa shi da shi, amma ya sani rani guda zai yi bai taɓa diga ba.

Bara na bi ta ƙauyen a kan kabu-kabu, za ni duba wani aiki. Ban yi niyyar tsayawa ba. Muna wucewa ta bayan wani gida sai na ji wata mata daga cikin danga tana ƙwala wa 'yarta kira, "Ke Hadiza! Ɗauki bokiti ki tai Markus ki ɗebo min ruwa!" Ashe haka suke kiran rijiyar, ba wanda ya faɗa mini. Na taɓa kafaɗar mai mashin na ce ya kashe injin, ko za ta sake kira.